Mota Mai Babban Inji: Wa Ke Cinye Rangwamen Kafin Ya Iso Nalerigu?

A watan Afrilun 2025 sai mutum ya ajiye kusan sidi 15 da rabi kafin a miƙa masa dalar Amurka ɗaya. Kafin Yuni ya kama, dalar ta sauko zuwa sidi 10 da 'yan kai. Masu bin harkar kuɗi sun kawo dalilansu: zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, gwamnati ta kafa hukumar GoldBod ta tattara cinikin zinariyar ƙananan masu haƙa a hannu ɗaya, Babban Bankin Gana ya riƙa zuba dala a kasuwa, ita kanta dalar kuma ta yi sanyi a duniya. Ko ma wanne ne ya fi tasiri, talaka ya gani a ƙasa. A ƙarshen Mayu ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari. Hauhawar farashin da ta haura kashi 54 a Disambar 2022 ta dawo ƙasa da kashi 10 a Satumbar 2025. Manomin masara a ƙasar Mamprusi da Dagomba shi ma ya gani, sai dai shi ta inda ke ciwo ya gani. Buhunsa ya faɗi warwas, kuma babu wanda ya ba shi wa'adin ko kwana ɗaya don ya ƙarar da tsohon kaya a tsohon farashi.

Masu shigo da kaya daga waje kuwa sun samu wannan wa'adi. A cikin Mayun nan, bayan zama da ministar kasuwanci, ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta nemi kwana 60 kafin rangwame ya bayyana a shaguna. Kwana 60 sun zo sun wuce. Wasu kayan sun sauko, wasu sun yi jan ƙafa. Abin da ya dame ni a yau shi ne mota, kuma ba kowace mota ba. Ina nufin irin motar nan mai babban inji, mai silinda shida ko takwas, wadda aka ƙera don gudu: Benz da BMW na Jamus, Dodge Charger da Mustang da Camaro na Amurka, da Range Rover mai rurin zaki. Farashinsu ya faɗi a Ankara da Tema, wannan babu musu. Amma faɗuwar tana ƙarewa a hanya, tsakanin garejin da motar take da ƙofar gidan mai saye a Nalerigu ko Salaga ko Yendi ko Bawku. Ɗan rangwamen da ya iso kuma, sau da yawa shi ne ƙugiyar da ake kama mutum da ita.

Bari mu fara da yadda ake haɗa kuɗin mota, domin a nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Yawancin motocin hannu da ake kira homyus daga Amurka da Kanada da Koriya suke fitowa, tunda tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Na Amurka galibi a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA ake sayensu, da dala. Kuɗin kwantena da na jirgin ruwa da dala ake biya. Idan motar ta sauka a tashar Tema, kwastan da dala suke ƙiyasta darajarta, sannan su juya lissafin zuwa sidi da canjin da ke bin na Babban Banki. Girman inji yana ƙara kuɗin fito, motar da ta haura shekara goma kuma akwai tarar tsufa a kanta. Ke nan tun daga filin gwanjo har bakin ƙofar tasha, kusan kowane kwabo da dala yake tafiya. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: mota ta ci dala 20,000 gaba ɗaya kafin ta fito. A canjin 15 da rabi, sidi 310,000 ke nan. A canjin 10 da rabi, sidi 210,000. Tsakaninsu akwai sidi 100,000, wato biliyan guda a tsohon lissafin da dattawanmu ke yi har yau, duk da an sauya kuɗi tun 2007. Mota ɗaya ce, fenti ɗaya, inji ɗaya.

Idan ka kawo wa mai gareji wannan lissafi, amsarsa a shirye take: “Alhaji, tsohon kaya ne. Lokacin da na fito da ita dala tana sama.” A maganarsa akwai gaskiya, kuma ba zan tauye masa ita ba. Mota ba tumatir ba ce, tana iya yin wata shida ko shekara tana shan rana a gareji. Mutumin ya biya fito da tsada, wataƙila da bashin banki mai ruwa mai nauyi, yana biyan hayar fili da mai gadi da yaran da ke wanke motoci kowace safiya. Idan ya sayar a sabon lissafi, uwar kuɗinsa ce za ta taɓu. Amma ina so mai karatu ya tuna 2022. A wannan shekarar sidi ya zube, dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta doshi 15 a Nuwamba. A lokacin babu wanda ya ji wani mai gareji yana cewa tsohon kaya ne, don haka ga shi a tsohon farashi. Motar da ta shigo tun dala tana 6, da safe a faɗa maka kuɗi, da yamma a ce an tashi daga nan. Hujjarsu a lokacin ita ce idan sun sayar da araha ba za su iya sayo madadinta ba. Na yarda da wannan hujja. To, yau madadin ya yi araha. Duk wanda ya ci ribar tashin dala da sunan kuɗin madadi, adalci shi ne ya ɗauki asarar saukarta da wannan sunan. Ba a auna wa mutum da babban mudu ranar karɓa, a dawo da ƙarami ranar bayarwa.

Motar gudu kuwa tana da nata ciwon daban da na canji. Ko a ƙasashen da ake ƙera ta, wasu irinta suna saurin zubar da daraja. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antun mota, dillalan Amurka sun riƙa ɗora dubban daloli a kan farashin da kamfani ya sa, har tsohuwar mota ta kusa kamo sabuwa. Da masana'antu suka dawo aiki, ruwan bashi kuma ya hau, sai kasuwar ta sace. Kamfanin Dodge ya daina ƙera Charger da Challenger masu silinda takwas a ƙarshen 2023, Chevrolet ma ya rufe babin Camaro a daidai wannan lokaci. Waɗanda suka sayi irin waɗannan motoci da zafi-zafi a can sun ga yadda kuɗinsu ya narke. A nan gida kuma gwamnati ta taɓa gwada su: a 2018 aka sa harajin shekara-shekara na sidi 1,000 zuwa 2,000 a kan motocin da injinsu ya kai lita uku ko ya fi, aka soke shi a 2019 bayan koke-koken masu sayar da motoci. Ko ba haraji, masu saye a Ankara sun waye. Corolla da Vitz da Elantra ba sa kwana a gareji, domin ana neman abinci da su a Uber da Bolt. Hilux da Land Cruiser suna riƙe kuɗinsu, domin akwai 'yan kwangila da 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji da ke nemansu ko yaushe. Wadda ke zama tana tara ƙura ita ce mai ƙasa-ƙasan ciki da faɗaɗɗun tayoyi, mai shan fetur kamar ba gobe. Mai gareji ya fi kowa son ya rabu da ita. A nan ne mutumin arewa ke shigowa cikin labarin.

Ga yadda cinikin ke tafiya, kuma duk wanda ya zauna a majalisar 'yan kasuwar hatsi ko shanu a garuruwan nan ya san ba ƙirƙira nake ba. Mutum ya samu shekara mai kyau, ko ɗansa da ke Turai ya turo wani abu, sai ya kira wani ɗan'uwa a Nima ko Ashaiman, can wajen Ankara da Tema, ya ce a duba masa mota mai kyau, wadda idan ya shiga taro za a san ya iso. Ɗan'uwan ba sana'arsa ba ce, sai ya nemi wani yaro da ke yawo a garejin gefen titi. Yaron ya san wani dillali, dillalin ne ya san mai motar. Kafin magariba hotuna sun iso ta WhatsApp, sai bidiyo: an wanke mota tana ƙyalli, wani ya zauna ciki yana taka totur, ƙarar inji tana fasa lasifikar waya. Sai muryar dillali ta biyo baya: “Ranka ya daɗe, wallahi wannan ba ta kwana. Akwai wanda ya taya tun safe, na ce ya dakata saboda kai. Da dala tana sama biliyan huɗu ce, yanzu an sauko maka uku da rabi. Turo wani abu ta MoMo a riƙe maka.” Alhaji ya ji an sauko da rabin biliyan, ransa ya yi fari. Abin da bai sani ba shi ne mai motar tun tuni ya sallama a biliyan uku ko ƙasa da haka, ragowar kuwa mutum uku ne za su raba, kuma cikinsu har da wanda yake kira ɗan'uwa. Bayan haka kuma kowannensu zai dawo ya nemi la'adarsa a fili, kamar bai ci komai ba.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma nisa ya sa mutanenmu suna yi. Daga Ankara zuwa Tamale tafiyar wajen kilomita 600 ce, daga nan kuma sai ka ƙara Walewale da Gambaga kafin ka ga Nalerigu. Mutumin da ke da shago ko gona ba zai bar su ya je ya yi mako yana zagaya gareji yana gwada farashi ba. Wanda ke zaune a Ankara yana iya shiga gareji biyar a yini ɗaya, ya taya, a ce albarka, ya juya ya tafi, a biyo shi da gudu. Na arewa farashi ɗaya yake ji, daga baki ɗaya. Ko a shafukan talla na intanet irin su Jiji, kuɗin da ake rubutawa na neman ciniki ne, kuma sau da yawa mota ɗaya za ka gani dillalai uku sun sa ta da kuɗi uku.

Wannan abu yana ƙona mini rai musamman idan na tuna Salaga. Garin nan ya san dillanci tun kafin a san mota. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan yi watanni a hanya, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi su sauka a Salaga da tufafi da kanwa da fata da dabbobi, su koma da goron da ya fito daga dazukan Asante. Tafiya Gwanja ke nan da kakanninmu ke ba da labari. Ba zan yi wa kasuwar ado ba, domin a cikinta an sayar da 'yan Adam, kuma rijiyoyin garin suna nan suna shaida. Amma a fannin amana tsakanin baƙo da ɗan gari, ta bar tsarin da ya kamata mu duba. Baƙo yakan sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalinsa. La'ada sananniya ce, kowa ya san abin da ake cirewa. Idan aka ba da kaya bashi, maigida ne ke tsayawa. Idan aka cuci baƙo, sunan maigida ne ya ɓaci, kuma labari zai riga shi isa Kano, badi babu madugun da zai sauke ayari a ƙofarsa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwar Salaga zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran wurare, amma tsarin bai mutu ba. Har gobe haka ake cinikin shanu a kara, daga Bawku har Kumasi. Mai saniya yana tsaye, mai saye yana tsaye, dillali yana tsakani, idan an sallama kowa ya ji adadin da kunnensa. A kasuwar mota ne kawai muka yarda mai kaya da mai saye kada su taɓa jin muryar juna, dillali kuma ya ɓace da zarar kuɗi ya shiga.

Sai kuma ranar da motar ta iso. Makon farko biki ne, yara suna bin ta, abokai suna zuwa sa albarka. Daga nan hanya za ta fara karɓar nata. Motar da aka ƙera don shimfiɗaɗɗen titin Jamus, cikinta bai fi tsawon tafin hannu daga ƙasa ba, ita ce za ta riƙa hawa tudun rage gudu da ke kowane gari a kan titin Tamale zuwa Bolga, tana kartar ciki. Gudun da aka saye ta dominsa babu inda za a yi shi, ga babura, ga masu ƙafa uku, ga jakuna da shanu suna tsallaka titi. Wanda zai tafi Bawku ta Nakpanduri sai ya sauka gangaren dutsen nan mai lanƙwasa. A daminar 2023 ruwa ya yanke hanyar Walewale zuwa Nalerigu a wajen Tinguri, babban birnin yanki guda ya koma sai an yi zagaye. A irin wannan rana mai tsohuwar Hilux ne ke da mota. Ga batun mai: yawancin injunan nan fetur mai lamba 95 suke so, wanda ba a kowane gidan mai ake samunsa ba idan an bar manyan birane. A zuba mata abin da aka samu, ta sha, tana tafiya tana tara ciwo.

Na tsaya a wani garejin gyara a yankin nan na ga irin wannan mota ɗaure a kan duwatsu, an cire mata ƙafar gaba, ƙura ta rufe gilashin har yara sun yi zane a kai. Makanikin mutum ne da ya san aikinsa, wanda idan ka kawo masa Toyota ko Nissan da kunne kawai zai gaya maka abin da ke damunta. Ya nuna mini fitilu uku da ke kunne a gaban sitiyari, ya ce na'urar da yake da ita ba ta karanta ƙwaƙwalwar wannan motar. Shokozobarta ta iska ce, ta fashe, motar ta durƙushe ta gefe ɗaya. An aika Suame Magazine a Kumasi, aka ɗoro wata a motar haya, da ta iso ba ta shiga ba. An koma nema a Abossey Okai a Ankara, can kuma aka ce sai an yi oda daga waje. Mai motar, in ji shi, ya koma hawa babur ɗinsa, kuma duk ranar kasuwa yakan biyo ya tsaya ya dube ta, ya ce, “Malam, har yanzu?” Shi kuma ya ce, “Alhaji, sai haƙuri, muna jira.”

Mutanen Yendi da Nalerigu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin sun san doki. Duk wanda ya ga dawakin sarakuna ranar Damba ya san abin sha'awa ne, ya kuma san ranar saye ita ce mafi sauƙi a rayuwar mai doki. Bayanta akwai harawa da dawa da kanwa, akwai yaron da zai kula da shi, akwai magani. Shi ya sa ba kowa ke ɗaure doki ba ko da an ba shi kyauta. Faɗuwar farashin mota mai babban inji saƙo ne daga waɗanda suka riga suka riƙe ta: sun lissafa abin da za ta ci nan gaba, suka cire shi daga kuɗinta. Wanda ya ga Benz mai shekara goma da kuɗin Corolla ya ce ya tsinci dami a kala, bai ga sauran lissafin ba ne. Ranar da ya gaji ya ce zai sayar, a nan zai gane sauran. A Nalerigu babu mai taya ta. A Tamale za a taya da rabin kuɗi. Idan ya mayar da ita Ankara, dillalin da ya rantse masa cewa ba ta kwana shi ne zai ce, “Ranka ya daɗe, ai ka san irin waɗannan ba sa tafiya yanzu, ga ta kuma ta sha hanyar arewa.”

Akwai arahar da ta fi wannan haɗari. Motoci da yawa da ke fitowa daga gwanjon Amurka waɗanda kamfanonin inshora suka yanke wa hukunci ne bayan hatsari ko ambaliya. Ana kawo su a buga bodi, a yi fenti, wani lokaci a rufe gurbin jakar iskar da ta fashe ba tare da an sa wata ba. Majalisa ta yi dokar kwastan ta 2020 da ta nufi hana shigo da irin waɗannan da kuma waɗanda suka haura shekara goma, a daidai lokacin da Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ankara, amma aka dakatar da aiwatar da hanin bayan masu sayar da motoci sun yi ca. Gyararriyar mota ba haram ba ce idan an faɗa wa mai saye, aka kuma rage masa kuɗi daidai da aibinta. Amma mota mai gudun kilomita 200 a awa da aka miƙe ƙashin bayanta da guduma, aka sayar a matsayin lafiyayya, wannan wasa da rai ne. Sai kuma na sata. A Disambar 2022 hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki, tare da jami'an Amurka da Kanada, ta kwashe manyan motoci daga wasu garejin Ankara bisa zargin sato su aka yi daga can. A 2025 hukumar ta karɓe wata Lamborghini Urus daga hannun mawaƙi Shatta Wale bisa buƙatar hukumomin Amurka, waɗanda suka danganta motar da dukiyar zambar wani ɗan Gana da aka ɗaure a can. Idan mutum mai suna da lauyoyi a tsakiyar Ankara zai wayi gari motar da ke gidansa ta zama abin shari'a, ina ga ɗan kasuwar hatsi da ya biya ta waya, bai riƙe komai ba sai hoton rasit?

Mutanen Bawku suna da tasu ƙofar. Cinkassé tana nan kusa, kuma ta nan motocin da suka sauka a tashar Lome ke wucewa zuwa Burkina da Nijar. Da sidi ya yi ƙarfi, sefar da ake kashewa a Togo ma ta yi sauƙi a hannun mai sidi, sai motar Togo ta ƙara kyau a ido. Amma motar da ta shigo da lambar waje da takardar zama na ɗan lokaci ba ta zama ta Gana ba har sai an biya mata fito, kuma a kan babban inji fiton ba wasa ba ne. Wanda aka sayar wa ita da araha ba tare da an gaya masa haka ba, ranar da kwastan suka tare shi a shinge zai biya cikon da tara, ko ya bar musu motar. Garin da rikici da dokar hana fita suka riga suka gurgunta wa kasuwa bai kamata 'ya'yansa su ƙara zuba jarinsu a wannan rami ba.

Ba ina kira ga gwamnati ta yanka wa mota farashi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma shari'ar da ta bar farashi a hannun kasuwa ita ce ta hana ɓoye aibin kaya, ta ba mai saye damar mayar da abin da ya gano yana da aibin da aka rufe masa, ta kuma hana a ƙirƙiro mai tayi na ƙarya don a zuga wani ya ƙara kuɗi. Duk ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risala a zauren malaminsa ya wuce ta kan waɗannan. “Akwai wanda ya taya tun safe” idan babu shi, shi ne wannan tayi na ƙarya da aka hana a fiƙihu. Wakilin da aka aika ya sayo, ya ƙara kuɗi a ɓoye sannan ya dawo ya karɓi la'ada, amanar da aka ba shi ya ci, ko da shi da mai aiken uwa ɗaya uba ɗaya suke. Yawancin masu wannan harka a unguwanninmu na zango da mu suke sahu ɗaya a masallaci, shi ya sa nake ganin maganar za ta fi shiga idan daga mumbari ta fito.

Ban ga laifin wanda ransa ke son mota mai ƙarfi ba. Mutum ya yi wahala ya tara, yana da haƙƙin ya ji daɗin guminsa, kuma mutumin Salaga bai fi na East Legon a Ankara rashin cancantar abu mai kyau ba. Abin da nake nema masa shi ne ya saya ido buɗe. Kafin kwabo ya fita, a haɗa shi da mai motar a waya ya ji kuɗin daga bakinsa, a sidi. A yanka la'adar dillali tun farko, a faɗe ta a gaban shaidu. A turo lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, domin da ita duk wani yaro mai waya zai iya binciko tarihinta, sau da yawa har da hotunan ranar da aka yi gwanjonta da irin raunin da ke jikinta. A ga takardar fito ta kwastan, a tabbatar lambar da ke kanta ita ce ke jikin motar, ita ce kuma ke takardun hukumar rajistar motoci ta DVLA. Sannan a biya wa makanikin da zai riƙa gyara ta a gida kuɗin mota ya je ya duba ta da idonsa, ya faɗi gaskiya ko zai iya da ita. Kuɗin tafiyarsa da masaukinsa ba su kai kuɗin taya ɗaya ta irin wannan motar ba.

Sarakunan zango a Salaga da Yendi da Bawku, da limamai da shugabannin 'yan kasuwa a Nalerigu da Gambaga, rigimar mota tana zuwa gabansu, amma sai bayan kuɗi ya tafi, zumunci ya tsage, wani ya daina ɗaga wayar wani. Suna da ikon su sa a fara daga ɗaya ƙarshen. Akwai 'yan arewa masu gareji da masu gyara a Ankara da Tema da Kumasi waɗanda aka san gidajen iyayensu a nan. A zaɓi waɗanda suka yarda su tsaya wa mai saye kamar yadda maigida ke tsayawa a kara, a san la'adarsu, a rubuta sunayensu a wajen sarkin zango, wanda kuma aka kama ya ci biyu a cire sunansa a sanar a masallacin Juma'a.